Sauya tsofaffin bututun masai a Cape Coast: abin da na gani a aikin wani ƙaramin kamfani

Gidanmu yana kan gangaren da ke tsakanin kasuwar Kotokuraba da bakin teku a garin Cape Coast, kuma kakanmu ne ya gina shi da kuɗin fataucin goro tun kafin Gana ta sami 'yancin kai a 1957. Bayan rasuwar mahaifinmu sai muka yi shawara da 'yan'uwana muka mayar da sashen gaba masaukin baƙi mai ɗaki takwas, muka bar sashen baya ga iyalina da gwaggonmu. A farkon 2023 muka ɗauki wani ƙaramin kamfanin masu aikin famfo domin ya tone tsofaffin bututun masai na gidan baki ɗaya ya shimfiɗa sababbi, kuma tun daga lokacin masu masaukai da dama, daga nan har Elmina, suke tambayata ko ina ba su shawara su ɗauke shi. Amsar ta fi ƙarfin i ko a'a, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta ta dalla-dalla.

Wanda bai san garin ba, zai yi mamakin yadda maganar bututu take iya hana mutum barci. Abincin da yawa daga cikinmu a nan yana hannun baƙi ne, waɗanda ke zuwa ganin tsohuwar ganuwar Turawa da ke bakin ruwa, inda aka tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa, da takwararta ta Elmina wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da kuma gadar igiya da ke saman itatuwa a dajin Kakum. Hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1979, Shugaba Obama ya ziyarci ta garinmu a 2009, kuma tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci jikokin bayi su dawo su ga tushensu, watan Disamba ya zama kakar masu masaukai. Baƙon da ya yini yana kuka a kurkukun ƙarƙashin ƙasa, idan ya dawo masauki da yamma ba abin da yake nema sai ruwan wanka da iska mai daɗi, kuma idan wari ya tarye shi a tsakar gida ba zai yi maka faɗa ba, zai tafi ne ya rubuta a intanet inda dubban mutane za su karanta. Ga shi kuma mafi yawan gidajen garin ba su haɗe da wata babbar magudanar masai irin wadda aka shimfiɗa a Tema lokacin da aka tsara ta, saboda haka kowane mai gida shi ke ɗauke da nauyin bututunsa da tankinsa na tara ƙazanta da sokawensa, wato ramin da ruwan tankin yake nutsewa.

Namu ya daɗe yana ba da alama. Da farko wari ne yake tasowa bayan magariba daga kusurwar da darbejiya take, sannan masan ɗakunan ƙasa suka fara yin gurnani idan an kora ruwa a sama, sannan gindin bangon kicin ya jiƙe har fenti ya riƙa ɓarewa ko da rani. Duk lokacin da abin ya tsananta mukan kira motar zuƙe masai, ko mu kira yaro ya zura sandar ƙarfe ya buɗe hanya, a sami sauƙi na wata biyu ko uku a koma gidan jiya. A watan Yunin 2022, lokacin da damina take kan ganiyarta a wannan gaɓar teku, aka kwana ana ruwa, da asuba muka tarar ƙazanta ta ɗago murfi ta malale tsakar gida har bakin ƙofar gwaggo, alhali akwai baƙi a ɗaki biyar. A ranar na yarda cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma faci ya ƙare.

Mutum uku na kira su duba aikin. Biyu daga cikinsu sun zagaya gidan cikin abin da bai wuce minti ashirin ba, suka taka ƙasa da ƙafa, suka yanke mini farashi a tsaye. Na ukun shi ne mai wannan kamfani, dattijon Bafante wanda yaransa ke kira Masta kamar yadda aka saba kiran ubangidan sana'a a Gana, kuma yana jin Hausar zango daidai gwargwado. Shi ya ƙi faɗin ko sisi sai da ya yini a gidan. Ya sa aka kawo masa bular wanki ya dama a bokiti, ya tura yaronsa ɗakin sama na ƙarshe ya zuba a masai ya kora, shi kuma ya durƙusa a bakin tanki da agogo a hannunsa yana jiran shuɗin ruwan ya iso. Mun jira har na fara zaton yaron bai zuba ba, sai can ga wani ɗan siririn shuɗi ya ɓullo, bai kai rubu'in abin da aka zuba ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, ruwanka yana kwana a hanya, kuma rabinsa ƙasar gidanka ce take shanyewa." Ya maimaita haka ɗaki bayan ɗaki yana zana taswira a bayan kwalin siminti, kuma da la'asar ya riga ya san inda kowane bututu ya bi, abin da mu da aka haifa a gidan ba mu sani ba. Wannan yinin ne ya sa na ba shi aikin, ko da yake farashinsa ya ɗara na sauran biyun.

Takardar farashin da ya kawo bayan kwana uku ta rarrabe kuɗin kaya da kuɗin aiki, ta faɗi tsawon bututu da kaurinsa da yawan ramukan dubawa, waɗanda masu sana'ar ke kira cemba, amma ya rubuta a ƙasa cewa farashin kaya na mako guda ne kawai. Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya zauna a Gana a ƙarshen 2022 ya san yadda sidi ya faɗi, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kuma buhun siminti bai cika kwana a kan kuɗin da ya wuni ba. Muka daidaita a kan cewa ni zan sayi kaya da hannuna shi kuma ya raka ni ya zaɓa. A shagon ya sa aka fito da bututun roba iri biyu masu faɗin inci huɗu, waɗanda a idona ba su da bambanci, ya shimfiɗa su a ƙasa ya hau kan kowanne da nauyinsa. Ɗaya ya lotsa ya yi fari a inda ya taka, ɗayan ko gezau bai yi ba. Ya ce na farkon na ruwan rufi ne da ake maƙalawa a bango, amma da yawa suna binne shi saboda sauƙin kuɗi, kuma bayan shekara biyu nauyin ƙasa yake matse shi. Ana ƙera bututu mai kyau a cikin ƙasar nan, kamfanoni irin su Interplast da Duraplast a Accra sun daɗe a kan haka, abin da ake bukata kawai shi ne mai saye ya karanta kaurin da aka buga a jikinsa, ya tuna cewa araha ba ta ado.

An sa diga a mako na biyu na watan Janairu, bayan baƙin Disamba sun watse, ƙasa kuma ta bushe. Abin da aka tono ya ba ni tsoro da kunya a lokaci guda. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa na gasasshen yumɓu ne, gajeru-gajeru, an haɗa bakunansu da siminti, irin waɗanda aka yi yayi a zamanin Turawa. Yumɓun kansa bai ruɓe ba, wasu guntayen ma har yanzu suna ƙyalli, amma kusan kowace mahaɗa ta tsage, domin siminti ba ya lanƙwasa idan ƙasa ta motsa. Ta waɗannan tsagogin saiwar darbejiya ta shiga. Na ga Masta ya fasa wani gunto ya zaro curin saiwa mai kama da gashin doki, tsawonsa ya fi hannuna, ya cika cikin bututun har bai bar wa ruwa hanyar da ta wuce kaurin yatsa biyu ba. A gaban kicin kuwa ƙasa ta zauna, bututun ya yi ciki, ruwa yana taruwa a wurin tare da daskararren manja da kitse wanda ya yi tauri kamar sabulu. Bututun ƙarfe da ke saukowa daga sama a jikin bango su kuma iskar teku ta ci su ta waje, domin gishirin da take ɗauke da shi ba ya barin ko ƙusa a wannan gari, sai da ya zama ana iya huda su da tsinin wuƙa. Murfin tanki ma ya zaizaye ta ciki har rodi ya bayyana, kuma Masta ya bayyana mini cewa iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ƙazanta, idan ta rasa mafita ta haɗu da laima, takan rikiɗe ta zama ruwan asid mai cin kankare a hankali.

Babban abin da aka gano shi ne wanda ya bayyana masifar watan Yuni. Wani da ya yi gyara a shekarun baya ya haɗa indararon rufin sashen gaba da bututun masai, ta yadda duk ruwan saman da ya sauka a kan kwano tankinmu yake nufa. Tankin da aka gina domin ruwan banɗaki kaɗai ba zai iya da ruwan dare guda na damina ba, dole ya yi ambaliya. Raba waɗannan hanyoyi biyu bai ci kuɗi mai yawa ba, amma ina ganin shi ne rabin maganin, kuma da na ɗauki ɗaya daga cikin masu yanke farashi a tsaye da watakila an sa sabon bututu an mayar da tsohon kuskure.

Inda kamfanin ya fi burge ni shi ne wajen daidaita gangara, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya, domin wannan ne sashen aikin da ba wanda zai sake gani da zarar an mayar da ƙasa. Ruwan masai ba injin da ke tura shi, nauyinsa ne kawai yake tafiyar da shi, saboda haka idan bututu ya kwanta da yawa ƙazanta takan zauna, idan kuma ya yi tsaye da yawa, in ji Masta, ruwa yakan tsere ya bar abin da ya ɗauko a baya. Ma'aunin da ya bi shi ne ɗaya cikin arba'in, wato kowace mita guda bututu ya sauka da santimita biyu da rabi, kuma a babban layinmu mai tsawon mita 32 hakan ya kama santimita 80 daga farko zuwa bakin tanki. Ba shi da na'urar awo ta zamani. Siririn tiyo mai haske yake cikawa da ruwa, yaro ya riƙe baki ɗaya shi ya riƙe ɗayan, su sa alama a jikin turaku, sannan ya ja igiya daga turke zuwa turke. Kafin a kwantar da bututu sai an zuba yashi mai kaurin tafin hannu a ƙasan ramin an daddaɓe, an tsince duk wani dutse mai kaifi, sannan a rufe gefe da sama da yashi kafin a mayar da ƙasar da aka haƙo. A inda mota take shigowa ya zagaye bututun da kankare. Wata rana ya dawo daga sayen gam ya tarar yaransa sun shimfiɗa kusan mita shida a bayansa, ya ɗora ma'auni ya ga tsakiya ta ɗan tashi, abin da ni ko an nuna mini ban gani ba, nan take ya sa aka cire duka aka sake. Ba ni na kama su ba, kuma da ya yi shiru ba yadda zan sani.

Sauran abubuwan da ya yi ba sai na ja su ba. Ya gina cemba biyar, ɗaya a kowace kwana da kowace mahaɗa, da murfin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, domin idan an sami toshewa a san inda za a nufa ba tare da fasa daɓe ba. Ya ɗaga bututun fitar da iska har ya wuce rufi, ya ɗaure bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda, ya shafa wa duk robar da ke fili fenti domin rana tana gasa ta ta yi gautsi. Ya yi wa kicin ƙaramin ramin tare mai, wanda muke kwashewa duk mako. Tankin kuma, da yake bangonsa na nan da ƙarfi, zuƙe shi aka yi aka sake yaɓe shi, aka gyara katangar da ta raba shi gida biyu, aka zuba sabon murfi.

Ranar gwaji ita ce ranar da hankalina ya kwanta. Kafin a rufe ramuka ya toshe ƙarshen layin, ya cika bututun da ruwa har ya taso a cembar farko, ya ja layi da alli daidai bakin ruwan, ya ce mu je mu yi sallar azahar mu ci abinci. Da muka dawo ruwan ya sauka da kaurin yatsa. Ni da na ga haka cewa na yi ai ba komai, amma shi ya bi layin yana shafa ƙarƙashin kowace mahaɗa da bayan hannunsa har ya sami wadda take zufa, ya yanke ta ya sa sabuwa, aka sake cikawa aka bar shi har la'asar sakaliya, ruwa yana kan alli. Ina shawartar duk mai irin wannan aiki da kada ya yarda a mayar da ko shebur ɗaya na ƙasa sai ya ga wannan gwaji da idonsa.

To, amma ba zan ɓoye inda suka ɓata mini rai ba, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Mako uku aka yi mini alkawari, aikin ya ci mako tara, ba a kwashe kayan aiki ba sai da ana shirin kama azumi. Wani ɓangare na jinkirin ba laifinsu ba ne, domin garin nan a kan tuddai da duwatsu yake zaune, kuma a bayan ɗakin ajiya sun ci karo da fa wanda sai da aka yi hayar injin fasa dutse. Sauran kuwa rashin tsari ne tsagwaronsa. Kamfanin ya karɓi wani aiki a hanyar Takoradi alhali namu bai kai rabi ba, sai ya zama ana zuwa mana kwana biyu a ɓace kwana uku, wayar Masta kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Na san mutum yana da uzuri, kuma a wannan yanki jana'iza takan ɗauke mutane daga Juma'a har Lahadi, ban taɓa ƙin a je ba, abin da na nema kawai shi ne a sanar da ni domin in san abin da zan faɗa wa baƙin da suka riga suka kama ɗaki. Saboda rashin wannan sanarwa muka mayar wa mutane kuɗinsu a hutun ranar 'yancin kai ta 6 ga Maris, lokacin da ɗaki ba ya kwana babu kowa a garin nan.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sakaci da lafiyar mutane. Akwai Juma'ar da suka tashi suka bar rami mai zurfin ƙirji a buɗe a hanyar da gwaggo take bi zuwa alwala, ba katako ba igiya ba fitila. Tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, kuma da asubar Asabar jikanta ne ya riƙo zanenta saura taki ɗaya ta afka. Da Masta ya zo ran Litinin ita da kanta ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, kabarina kuka haƙa mini tun ina da rai?" Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki yi mini gafara, laifina ne," kuma daga ranar ba a sake barin rami a buɗe ba, amma bai kamata sai an kai ga haka ba. Leburorinsa ma da silifa suka fara aikin, suna dama ƙasar da ta sha ƙazanta ta shekaru da hannu tsirara, sai da na sayo takalman roba da safar hannu da kuɗina na ce ba mai sake shiga rami babu su. A inda ramin ya zurfafa ba su tokare gefensa da katako ba sai da na yi magana, alhali ƙasa mai laima tana iya rufta wa mutum cikin ƙiftawar ido. Abu guda da na yaba a wannan fanni shi ne bai bar kowa ya shiga tanki ba sai da aka zuƙe shi aka bar shi a buɗe kwana biyu, kuma wanda ya shiga da igiya a ƙugunsa ya shiga, mutum biyu suna riƙe da ita a sama, domin iskar cikin tanki ta sha kashe mai shiga da wanda ya bi shi ceto.

Ƙarasa aiki ma ba gwanintarsu ba ce. Sun sare bututun ruwan famfo da diga sau biyu, ko da yake sun gyara ba su caje ni ba. Daɓen tsakar gida da suka mayar ya fito faci-faci, launin sabon siminti daban da na tsoho, kuma sai da na ɗauki birkila na dabam ya sake shi. Kuɗin fasa dutse kuwa sai a ƙarshe aka kawo mini shi a baki, babu shi a takarda, muka yi ta ja-in-ja har muka raba shi biyu. Na yarda an yi aikin kuma ya cancanci biya, amma da an faɗa mini ranar da aka ga dutsen da ba a yi wannan cacar baki ba.

Akwai wurin da muka saɓa a ra'ayi, kuma har yau ban tabbata shi ne mai kuskure ba. Ya so in watsar da tanki in sa irin ƙaramin akwatin nan da ya yaɗu a Gana a shekarun nan, wanda ake kira bayodaijesta, mai tace ruwa ya bar ƙazanta ta ruɓe a bushe ba sai an riƙa kiran mota ba. Ga gidan iyali ɗaya na ga inda ya yi amfani, amma masauki wuri ne da ba ka da iko a kan abin da baƙo zai jefa a masai, kuma ruwan da akwatin yake fitarwa dole ne shi ma a sama masa inda zai nutse. Na zaɓi in zauna a kan abin da na sani. A kan sokawe kuwa shi ya yi nasara a kaina, domin na so a haƙa sabo a kusa da katanga inda ya fi sauƙi, shi kuma ya leƙa ya ga rijiyar maƙwabcinmu a bayan katangar ya ce ba da hannunsa ba. Aka mayar da shi can ƙarshen fili, nesa da rijiyar, abin da ya ƙara mana tsawon bututu da kuɗi, kuma da jami'in duba-gari ya zo wannan ne abu na farko da ya auna. Garin da ya ga kwalara a 2016, bayan wadda ta game ƙasar a 2014, bai kamata a yi wasa da rijiya a cikinsa ba, kuma ina ganin girman mutumin da ya ƙi biye wa mai biyansa a kan wannan.

Ya kamata kuma mai gida ya san iyakar abin da irin wannan aiki zai yi masa. Gyaran ya tsaya ne a bakin ƙofarmu. Kwatar da ke gaban gidan har yanzu tana ɗauko ruwan wanke-wanke da leda daga unguwannin sama ta gangara da su teku, wasu kwatocin kuma tafkin Fosu suke zubawa, kuma idan iska ta juyo da yamma baƙona yana shaƙar abin da ba daga gidana ya fito ba. Wannan ya fi ƙarfin ɗan kwangila ɗaya, aiki ne na hukumar gari da na unguwa baki ɗaya, kuma mu masu cin abinci da baƙi mu ya fi kamata mu riƙa tayar da maganar a duk taron da aka kira mu.

Ga masu tambayata, amsata ita ce zan sake ɗaukar wannan kamfani, kuma na riga na tura shi gidan ƙanwata, amma da sharuɗɗan da ni ban gindaya ba sai da na sha wuya. A rubuta ranar gamawa da abin da za a cire idan an wuce ta, a raba kuɗin aiki kashi-kashi a riƙe na ƙarshe sai bayan gwajin ruwa, a rubuta farashin fasa dutse tun kafin a gan shi, a sa rufe rami da kayan kariya cikin yarjejeniya, daɓe kuma a ba wa birkila. A fara a watan Janairu ko Fabrairu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya bari sai hadarin Afrilu ya taso zai ga yashinsa yana bin kwata. A kuma roƙi Masta ya bar taswirarsa, domin tawa na sa an kwafe ta a takarda mai kyau na ajiye tare da takardun gida, saboda 'ya'yanmu kada su yi lalube irin wanda muka yi.

Damina ta farko bayan aikin na kasa barci a daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Yuni, na fito da tocila da lema na ɗaga murfin cembar ƙarshe. Ruwan rufi yana ta ambaliya ta hanyarsa zuwa waje, cikin cembar kuwa ɗan siririn ruwa ne kawai yake wucewa daga ɗakin wani baƙo da ya tashi cikin dare. Tun daga lokacin ba mu kira mai sandar ƙarfe ba ko sau ɗaya, gindin bangon kicin ya bushe har mun sake fenti, darbejiyar kuma tana nan, sai dai an datse saiwoyinta na ɓangaren bututu an zuba siririyar katangar kankare a tsakaninsu. Murfin cemba ta uku ya tsage a gefe tun watan da aka gama, na faɗa wa Masta ya ce zai kawo sabo, kuma har yanzu ina jiransa.